Darasi: Wane ne likitan iyali? Sunayen masu duba marasa lafiya

Cikin Hausa akwai kalma guda mai ɗaukar abubuwa da yawa, ita ce «likita». Idan mace ta ce «na tafi likita», gidan da ake ba da magani take nufi. Idan ta ce «likita ya duba ni», mutum take nufi. Amma wane mutum? Wani lokaci wanda ya yi shekara 7 ko fiye a jami'a ne. Wani lokaci anfirmiye ne. Wani lokaci ma mai tallan magani ne da ke yawo bisa keke, wanda bai taɓa shiga makarantar lafiya ba. Dukansu jama'a suna ce masu likita.

Darasin yau bisa waɗannan sunaye yake. Kowane ma'aikacin lafiya da sunanshi, da karatunshi, da iyakar aikinshi. Wanda ya san sunayen ya san ƙofar da zai fara zuwa ran da cuta ta shigo gida. Wanda bai san su ba yana iya ɓata kwanaki da kuɗi, wani lokaci har da rai.

1. Ga misali

Cikin damina, lokacin da hatsi ya fara fitar da kai, wani yaro ɗan wata 18 ya kwana da zafin jiki. Da safe uwarshi ta gaya ma maigida. Ranar kasuwa ce. Maigida ya tafi kasuwa, ya tsaya wurin wani mai tallan magani, ya ce: «Likita, ɗana ne jikinshi ya yi zafi.» Mai talla bai ga yaron ba. Bai tambayi shekarunshi ba. Ya ƙulla ƙwayoyi iri 3 cikin leda, ya karɓi kuɗinshi.

Da marece kakar yaron ta tambayi ɗanta: «An nemi likita?» Ya ce: «I, Inna, likita ya ba da magani.» Sai hankalin kowa ya kwanta.

Bayan kwana 3 yaro ya ƙi nono. Tafin hannunshi ya yi fari. Cikin dare ya fara jijjiga. Aka ɗaura amalanke, aka kai shi gidan likita na gwamnati. Majo ya soki yatsanshi, ya auna jini. Ya ce zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, kuma jinin yaron ya ragu ƙwarai. Ya yi mashi allurar farko, ya rubuta takarda, ya tura su asibitin gunduma. Can lokotoro ya sa aka ƙara mashi jini. Yaro ya tashi, amma sai da suka yi kwana 6 a asibiti. Maigida ya sayar da akuya don tafiya da abinci, gonarshi kuma ciyawa ta cinye rabinta.

Da suka komo, majo ya ce mashi: «Malam, da ran farko aka kawo shi, ƙwayoyin kwana 3 sun isa.»

Cikin gidan nan ba wanda ya yi ƙarya. Maigida ya ce ya ga likita, kakar yaro ta yarda. Kalmar ce ta ruɗe su.

2. Kalmomi 4 na farko

Likita. Kalmar ta shigo Hausa daga Ingilishi. A Najeriya mutum take nufi. A Nijar tana nufin mutum, tana kuma nufin gidan da ake duba marasa lafiya.

Lokotoro. Wannan daga Faransanci ta fito. Lokotoro shi ne wanda ya yi cikakken karatun sanin cuta da magani a jami'a. Bisa takarda ana rubuta Dr gaban sunanshi. Da Faransanci sunan aikinshi médecin, ana faɗin shi «medsan».

Dokta. Haka Hausawan Najeriya suke ce ma lokotoro. Mutanen da ke zuwa Katsina ko Kano ko Sakkwato sun saba jin ta.

Asibiti. Babban gidan likita ne, mai gadajen kwantar da marasa lafiya. Ita ma daga Ingilishi ta zo. Bisa allon ƙofa ana rubuta hôpital.

Abin riƙewa: kowane lokotoro likita ne a bakin jama'a, amma ba duk wanda ake ce ma likita ne lokotoro ba.

3. Lokotoro iri 2 ne

Mai son zama lokotoro sai ya ƙare lise, ya samu bakaloreya, sa'annan ya shiga jami'a. Yana yin shekara 7 ko fiye. Yana karatu cikin aji, yana kuma koyo a gefen gadon maras lafiya. A ƙarshe yana rubuta littafin bincike, malamai su gwada shi, ya yi rantsuwa. Cikin rantsuwar akwai riƙe asirin duk wanda ya duba.

A da ƴan Nijar sai sun tafi waje, kamar Dakar ko Faransa, su yi wannan karatu. A 1974 aka fara koyar da shi a Yamai, cikin jami'ar da aka sa ma sunan Abdu Mumuni a 1992. Daga baya jami'ar Maraɗi da ta Damagaram su ma suka buɗe nasu sashen.

Wanda ya ƙare wannan karatu shi ne likitan gama-gari. Da Faransanci ana rubuta médecin généraliste, jama'a suna cewa «janaralis». Yana duba kowa: jariri, yaro, mace, namiji, tsoho. Yana duba kowace cuta da ta zo: zazzaɓi, tari, zawo, ciwon ciki, hawan jini, ciwon suga, rauni.

Wani kuma yana komawa ya ƙara shekara 4 ko 5 bisa fanni guda. Shi ne ƙwararren likita, spécialiste da Faransanci. Ga sunayen wasu kamar yadda ake ganin su bisa ƙofofin asibiti:

pédiatre, likitan yara;
gynécologue, likitan mata;
chirurgien, likitan fiɗa, mai yi ma mutum aiki;
ophtalmologue, likitan ido;
cardiologue, likitan zuciya.

Mutane da yawa suna zaton likitan gama-gari ƙaramin likita ne. Ba haka ba ne. Ƙwararre ya san abu guda da zurfi. Na gama-gari ya san abubuwa da yawa, kuma shi ke gane wace cuta ce za ta warke a hannunshi, wace ce sai an kai gaba. Mafi yawan cututtukan da ke damun jama'a kullum a hannunshi suke ƙarewa.

4. Likitan iyali

Likitan iyali, médecin de famille da Faransanci, likitan gama-gari ne da gida guda ya riƙe shekara da shekaru. Ana gane shi da abu 4.

Na 1, shi ne ƙofar farko. Kowace cuta ta taso, wurinshi ake fara zuwa.

Na 2, ba ya zaɓen maras lafiya. Yana duba kaka da jika, miji da mata.

Na 3, yana daɗewa da mutanenshi. Ya san cewa uwar gidan tana da hawan jini. Ya san yaron da ya taɓa yin tamowa. Ya san wanda wata allura ta taɓa sa mashi kumburi. Ya san rijiyar da gidan ke sha. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Likitan da ya daɗe da gida yana gane abin da baƙon likita ba zai gane ba cikin gani guda.

Na 4, shi ke nuna hanya. Idan cuta ta fi ƙarfinshi, yana rubuta takarda ya tura mutum ga ƙwararren da ya dace. Idan mutum ya komo, shi ke ci gaba da bin lafiyarshi.

Aikinshi bai tsaya ga magani ba. Yana tuna ma iyaye ranar allurar rigakafi, yana auna masu ciki, yana ba da shawara bisa abinci da tsabta.

5. Sunanshi a wasu ƙasashe

Aikin guda ne, amma kowace ƙasa da sunan da take kiran shi.

A Ingila ana ce mashi GP, ana faɗin «ji-pi». Ma'anar sunan ita ce mai duba cututtuka gaba ɗaya. A 1948 ƙasar ta kafa hukumar lafiya ta kowa da kowa. Mutum yana rubuta sunanshi wurin likitan unguwa, kuma galibi sai da takardar wannan likita yake ganin ƙwararre.

A Faransa akwai médecin traitant, wato likitan da ke bin mutum. Dokar 2004 ta ce duk mai inshorar lafiya da ya kai shekara 16 ya zaɓi likita guda, ya bayyana sunanshi ga hukuma. Wanda ya tsallake shi ya tafi ga ƙwararre kai tsaye, galibi kuɗin da ake mayar mashi yana raguwa.

A Amurka ana cewa likitan iyali, ana kuma cewa likitan matakin farko. A 1969 aka mai da aikin likitan iyali fanni na kanshi. Mai son shi yana ƙara shekara 3 bayan ya zama lokotoro.

A Kiyuba, cikin 1984, aka fara sa likita guda da anfirmiye guda cikin unguwa, suna zaune tare da mutanen da suke dubawa.

A Mali, daga 1989, wasu samarin lokotoro suka fara zama cikin ƙauyuka. Ana ce masu médecins de campagne, wato likitocin karkara.

A Najeriya ma ana koyar da fannin likitan iyali. Asibitin koyarwa na Aminu Kano yana da sashenshi.

Ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, wadda aka kafa a 1972, ta sa ranar 19 ga watan Mayu ta zama ranar likitan iyali, tun daga 2010.

6. Kiwon lafiya na matakin farko

Wannan magana ana jin ta kullum a rediyo. Da Faransanci ana rubuta soins de santé primaires. Ma'anarta taimakon farko da mutum zai samu kusa da gidanshi, da kuɗin da zai iya biya.

A watan Satumba na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya da Unisef suka tara ƙasashe 134 a birnin Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyat ta lokacin. Birnin yanzu sunanshi Almati, cikin ƙasar Kazakistan. Taron ya lissafa abubuwa 8 da ya kamata kowane gari ya samu:

1. Wayar da kan jama'a bisa cututtuka da hanyar tsare kai.
2. Abinci isasshe mai gina jiki.
3. Ruwa mai kyau da tsabtar gari.
4. Kula da uwa da ɗa, har da tazarar haihuwa.
5. Allurar rigakafi.
6. Yaƙi da cututtukan da suka zauna cikin ƙasa.
7. Maganin cututtuka da raunuka na yau da kullum.
8. Samar da magungunan da ba a iya yi sai da su.

Nijar ba ta jira taron ba. Tun cikin shekarun 1960, a jahar Maraɗi, garuruwa suka fara zaɓen mutanensu a koya masu taimakon farko. Namiji ana ce mashi sekurisi, mace kuma ungozoma ce da aka ƙara ma sani. Sekurisi yana da akwatin magani. Yana wanke miki, yana ɗiga maganin ido, yana ba da kulorokin, wanda dattawa suka sani da sunan Nivaquine. Wannan magani an bar shi tun tsakiyar shekarun 2000, don ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin shi. An sake shi da wasu sabbi.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako. Suka yarda jama'a su sa hannu cikin tafiyar da gidajen likita da kuɗin magani. Daga wannan shawara kwamitin lafiya na gari ya samo asali. A 2018 ƙasashen duniya suka sake taruwa a Astana, suka sabunta alkawarin 1978.

7. Wa ke riƙe da wannan aiki a karkara?

A Nijar lokotoro ba su da yawa, kuma mafi yawansu cikin manyan birane suke. Saboda haka a karkara aikin likitan iyali ya rabu tsakanin mutane da dama. Ga sunayensu.

Majo. Shi ne shugaban gidan likita. Kalmar daga major ta fito. Galibi anfirmiye ne mai takardar gwamnati, wanda ya saba da aiki. Yana duba marasa lafiya, yana rubuta magani, yana tura masu tsanani gaba. A garuruwa da yawa shi ne likitan iyali na gaskiya, ko da ba wannan ne sunanshi ba. Wasu manyan gidajen likita lokotoro ne ke shugabancinsu.

Anfirmiye. Ana rubuta infirmier ga namiji, infirmière ga mace. A Najeriya ana cewa nas. Yana karatu a makarantar lafiya, kamar ta gwamnati da ke Yamai mai sunan Damure Zika, ko ta Damagaram. Yana yin allura, yana sa ruwa, yana wanke rauni, yana kula da wanda aka kwantar.

Sajifam. Ana rubuta sage-femme. Ita ce ungozomar da ta yi makaranta. Tana awon ciki, tana karɓar haihuwa, tana duba mai jego da jinjiri, tana ba da shawara bisa tazarar haihuwa.

Ma'aikacin ƙaramin gidan likita. Ana rubuta ASC. Karatunshi bai kai na anfirmiye ba. Yana maganin ƙananan cututtuka, yana tura saura gaba.

Rele. Ana rubuta relais communautaire. Ɗan gari ne ko ɗiyar gari da jama'a suka zaɓa, aka yi mashi horo. A garuruwan da ke nesa da likita fiye da kilomita 5, wasu rele suna gwada jinin ƙananan yara, suna ba da maganin zazzaɓi da na zawo da na ciwon huhu marasa tsanani. Suna auna dantsen yaro da zare mai launi 3 don gane tamowa.

Ungozomar gari. Aikinta yanzu ta gane mai ciki, ta tuna mata ranar awo, ta raka ta likita ran haihuwa.

8. Matakalar gidajen likita

Gidajen likita kamar matakala suke. Ana hawa daga ƙasa.

Mataki na 1: ƙaramin gidan likita na ƙauye. Bisa allo ana rubuta case de santé. An gina su da yawa daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu.

Mataki na 2: CSI, ana faɗin «se-es-i». Shi ne wanda dattawa suke ce ma disfansar. An sa mashi wannan suna don ya haɗa aiki da yawa wuri guda: duba maras lafiya, awo, haihuwa, rigakafi, maganin tamowa. Akwai ƙarami, akwai babba. Nan majo yake.

Mataki na 3: asibitin gunduma, hôpital de district. Nan ake samun likitan gama-gari da ɗakin gwaje-gwaje. Da yawansu suna ƙara jini, suna kuma yi ma mace aiki idan haihuwa ta gagara.

Mataki na 4: asibitin jaha, CHR, kamar na Maraɗi da na Tawa da na Doso. Akwai kuma asibitin uwa da ɗa, CSME. Nan ake fara samun ƙwararru.

Mataki na 5: manyan asibitoci na ƙasa. Akwai babban asibitin Yamai, da na Lamorde mai sunan Amiru Bubakar Diyalo, da na Damagaram, da gidan haihuwa na Isaka Gazobi, da manyan asibitocin turawa na Yamai da Maraɗi.

Matakai 3 na farko su ne na kusa da jama'a. Wanda ya tsallake su ya tafi birni da ƙaramar cuta, ya biya mota, ya biya masauki, ya bi dogon layi, a ƙarshe a ba shi maganin da majon garinsu yake da shi.

9. Kalmomin takarda

Karne. Ƙaramin littafin lafiya ne. Ciki ake rubuta cutar da aka gani, da maganin da aka ba da, da allurar rigakafi, da nauyin yaro. Ma'aikata suna sakewa, gwamnati tana kai wannan can ta kawo wani. Karne ba ya sakewa. Shi ke gaya ma sabon majo abin da tsohon ya sani. A ajiye shi cikin leda, nesa da ruwa da gara.

Ordonas. Takardar magani ce. Ta mutum guda ce, don cuta guda. Ba a ara ma maƙwabci.

Takardar turawa. Ana rubuta référence bisa kanta. Ita ce majo ke ba wanda zai tafi asibiti. Tana gaya ma lokotoro abin da aka gani da abin da aka riga aka yi. Ran sallama a roƙi takardar komowa, a kawo ma majo.

TDR, ana faɗin «te-de-er». Gwajin jini ne na gaggawa, daga yatsa. Cikin minti 15 zuwa 20 yana nuna ko zazzaɓin cizon sauro ne. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, shi ya sa ake gwadawa kafin a ba da magani.

Randebu. Ranar da aka ce ma mutum ya komo. Ko ya ji sauƙi, ya komo.

Resi. Shaidar biya ce. Duk wanda ya biya kuɗi ya karɓi resi. A 2005 gwamnatin Nijar ta yanke cewa aikin fitar da jinjiri kyauta ne. A 2006 ta ƙara da awon ciki da duba yaran da ba su kai shekara 5 ba. Mai son sanin abin da ake biya da wanda ba a biya ya tambayi majo ko kwamitin lafiya na gari.

10. Waɗanda ba lokotoro ba ne

Farmasiye ya yi karatun sanin magunguna a jami'a. Aikinshi ajiye magani da kyau da ba da shi bisa ordonas. Shi ma ana ce mashi Dr, amma ba shi ke duba maras lafiya ba.

Mai tallan magani a kasuwa ko bisa keke ɗan kasuwa ne. Bai yi karatun lafiya ba, bai yi rantsuwa ba. Maganinshi yana wuni cikin rana. Wani ya lalace, wani na jabu ne. Kiran shi likita kuskure ne.

Boka da wanzami da maɗori, kowa ya san su cikin gari, kowanensu da abin da ya gada. Amma ba su da abin gwada jini, ba su iya ƙara jini ko ruwa. Yaron da ke jijjiga ko macen da ke zubar da jini, ba a tsayawa da su wurin kowa sai likita.

11. Yadda gida zai riƙe likitanshi

Na 1, maigida da uwargida su san sunan majo da na sajifam na gidan likitan da ya fi kusa. Su rubuta lambar tarho ɗinsu bayan karne.

Na 2, a riƙa zuwa wuri guda. Mai yawo daga wannan likita zuwa wancan, ba wanda zai san shi.

Na 3, a tafi da wuri. Zafin jikin yaro kada ya wuce kwana 1 ba a nemi rele ko majo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na 4, a faɗi gaskiya. Idan an sha sauya ko an sayi ƙwaya a kasuwa, a faɗa, a nuna ledar. Ma'aikacin lafiya ba ya fitar da asirin kowa.

Na 5, a yi tambaya. Wace cuta ce? Sau nawa za a sha maganin? Kwana nawa? Yaushe za a komo? Matambayi ba ya ɓata.

Na 6, a tafi ko ba cuta: awon ciki, awon yara, allurar rigakafi. Cikin damina a karɓi maganin tsare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fara rabawa a Nijar a 2013 ga ƴan wata 3 zuwa wata 59.

Akwai alamun da ba a jira da su ko dare ne. Ga yaro: ya kasa sha ko kama nono, yana amai da duk abin da ya shiga cikinshi, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa, numfashi ya yi mashi wuya, wuyanshi ya sanƙare, ko tafin hannunshi ya yi fari. Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, jijjiga, ko naƙuda da ta daɗe. Duk wanda ya ga ɗaya cikin waɗannan ya nufi CSI nan take. Idan majo ya ce a tafi asibiti, a tafi.

12. Tambayoyi don aji

1. Kalmar «likita» abu nawa take nufi a Nijar?
2. Mene ne bambancin likitan gama-gari da ƙwararren likita?
3. A faɗi abu 4 da ake gane likitan iyali da su.
4. Cikin misalin farko, a ina maigida ya yi kuskure? Wace tambaya ya kamata kakar yaro ta ƙara?
5. Mene ne amfanin karne idan aka sake majo?
6. A faɗi alamu 3 da ba a jira da su ga yaro.

Aikin rubutu: kowane ɗalibi ya rubuta cikin littafinshi sunan gidan likitan da ya fi kusa da garinsu, da nisanshi, da sunan aikin kowane ma'aikaci da ke ciki. Wanda bai sani ba ya tafi ya tambaya kafin darasi mai zuwa. Ya karanta ma mutanen gidansu abin da ya rubuta.

Allah ya ba kowa lafiya.